Taraktar da Ta Daɗe a Yashe: A Tashe Ta, a Sauke Injinta, ko a Rabu da Ita?

A garuruwan noma na Arewa da wuya ka rasa tsohuwar tarakta a tsugune, ko a gindin darbejiya ko a bayan sito, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Yawancinsu sun shigo ne daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980, zamanin da aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, aka kafa hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are da na Sakkwato da Rima. A lokacin ana haɗa taraktar Steyr a Bauchi, ana haɗa Fiat a Kano, ga Massey Ferguson da ake shigowa da ita daga Ingila. Da gwamnatoci suka riƙa yin gwanjo, da dama daga cikinsu suka faɗa hannun manoma da 'yan kasuwa, suka yi aiki iya ƙarfinsu, wata rana wani abu ya lalace aka ce sai bayan damina. Shi ke nan, bayan daminar bai zo ba.

Yau sabuwar tarakta ta fi ƙarfin aljihun matsakaicin manomi, ta haya kuma idan ruwa ya sauka layi ake bi, wani sai shukarsa ta makara kafin ta iso gonarsa. Dole ido ya koma kan wadda ke kwance a gida. Mai irin wannan tarakta hanyoyi uku ne a gabansa: ya lallaɓa ta ta tashi da ɗan gyara, ko ya sauke injin a yi masa garambawul, ko ya sayar ya ƙara kuɗi ya sayi wata ta hannu. Kowace hanya tana da mai ita. Abin da ya fi jawo wa mutane asara shi ne zaɓen hanya tun kafin a binciki ƙarfen.

Kafin ma a taɓa sufana, a tabbatar ta wace ce. Idan ta gado ce, a raba ko a yi rubutacciyar yarjejeniya da 'yan uwa. Idan ta ƙungiya ce ko ta gwanjo, a nemo takarda. Taraktar da ba wanda ya kula da ita tana kwance, ranar da ta tashi ta shiga gona masu ita sukan yi yawa.

Wace iri ce?

Wannan tambaya ita kaɗai takan yanke rabin hukunci, domin abin da ke raya tsohuwar tarakta shi ne samun kayan gyaranta.

Massey Ferguson ita ce mai sa'a. Samfurin 135, wanda aka fara ƙerawa a 1964, yana ɗauke da injin Perkins mai silinda uku, lita biyu da rabi, ƙarfin doki kamar 45. Wannan inji bai mutu da taraktar ba. Kamfanin Millat da ke Lahore a Pakistan ya ci gaba da ƙera samfurin 240 da inji na wannan dangi, a Indiya ma kamfanin TAFE yana ƙera Massey Ferguson. Saboda haka fistin da ringi da gasket da kuloci da famfon ruwa duk ana yin sababbinsu har gobe, kuma suna isowa kasuwanninmu. Haka abin yake ga 165 mai silinda huɗu, balle 375 wadda take da yawa a gonakinmu yanzu. Kowane bakaniken tarakta ya san cikin Massey, wani ma a kanta ya koyi sana'a.

Fiat na bin baya. Samfurin 480 da 640 sun samu irin wannan tsawon rai, domin kamfanin Al-Ghazi na Pakistan ya ci gaba da ƙera su, a Turkiyya ma an daɗe ana yin Fiat. Kayanta na samuwa, sai dai ka ɗan sha yawo.

Steyr ce ke ba ni tausayi. Tarakta ce mai ƙarfi, waɗanda suka tuƙa 768 da 8075 har yanzu yaba ta suke. Amma haɗa ta a Bauchi ya tsaya tuni, sashen tarakta na uwar kamfanin a Ostiriya kuma kamfanin Case na Amurka ya saye shi a 1996. Abin da ya lalace a jikinta sau da yawa sai an ciro daga wata matacciyar Steyr. Idan kana da biyu, ko ka san inda wata take kwance da za a sayar maka, gyaranta na da ma'ana. Idan ita kaɗai ce kuma matsalar a cikin giya take ko a famfon mai, ni dai ba zan ba ka shawarar zuba kuɗi ba.

Binciken da ba ya cin kuɗi

Kada a fara da ɗaura batir a murɗa makulli, kada kuma a ɗaura mata igiya a ja ta da wata mota wai don ta tashi. Waɗannan biyun sun kashe injuna da yawa da za su iya rayuwa. Salansar tarakta sama take kallo. Idan an bar ta ba murfi, ruwan damina yana bi ta ciki ya sauka a silindar da bawul ɗinta yake buɗe, ya kwanta a kan fistin, tsatsa ta manne ringi da bango. Aka ja ta da ƙarfi a haka, ko ringi ya karye ko sandar fistin ta lanƙwashe, gyaran kwana biyu ya koma na wata biyu.

A fara da ido. A wanke jikin injin a duba bulo, wato gangar jikin injin da silinda suke ciki, ko ya tsage ko an taɓa yi masa walda. A ƙasarmu sanyi ba ya daskarar da ruwa har ya fasa bulo kamar a Turai, tsagewar da muke gani ta zafi ce, inji ya tafasa a kwara masa ruwan sanyi, ko kuma sanda ta ɓalle ta huda gefe. Sai a sassauta notin zubar da baƙin mai a hankali. Ruwa ya fi mai nauyi, idan akwai shi, shi zai fara ɗigowa. Ɗan kaɗan ba abin tsoro ba ne. Idan ya cika kwano, ko man ya koma fari-fari mai kauri, a lura da kyau. A yi haka nan ga man giya. A Massey mai ɗaya ne, kusan lita 30 a samfurin 135, yake yi wa giya da haidirolik da ƙafar baya aiki, ruwa kuma yana shiga ne ta robar gindin sandunan giya idan ta yage.

Daga nan a cire nozul duka, wato bakunan da ke fesa gas cikin silinda, a zuba gas ko kananzir gauraye da ɗan mai a kowace silinda, a bar shi. A ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak, a sa babbar giya, a riƙa jijjiga tayar gaba da baya da hannu ana kallon fanka. Idan injin ya motsa a ranar, madalla. Idan bai motsa ba a ƙara zuba mai a dawo bayan kwana biyu, a yi ta haka har mako biyu ko uku. Haƙuri a nan kuɗi ne. Injin da ya ƙi motsi bayan wannan, sai an buɗe kansa an gani da ido.

Hanya ta farko: a lallaɓa ta ta tashi

Idan injin ya juya da hannu zagaye biyu cikakku ba tare da ya cije ba, bulo lafiya, giya na shiga, wannan hanyar ce taka, kuma ita ce mafi arha nesa ba kusa ba. Aikin yawancinsa wanki ne da sauya ƙananan abubuwa. A sauke tanki a wanke shi tas, domin gas ɗin da ya shekara yana zama laka da danƙo, ruwa kuma ya kwanta a ƙasa ya haifar da tsatsa. A sauya filtar mai da ta baƙin mai, a zuba sabon mai, a sauya tiyon lagireto da fambel. A buɗe hanyar iska tun daga kwanon mai na matatar iska har bakin inji, domin zanzaro yana son yin gini a nan, ɓeraye kuma su tara ƙaiƙayi su ci waya. A kai nozul wurin masu gwaji su duba feshinsa. Kafin a mayar da su a juya injin da sitata har sai agogon baƙin mai ya nuna ya hau, don kada metal, wato ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kansa, ya fara aiki a bushe. Sannan a fitar da iska daga layin mai, tun daga filta har famfo har bakin nozul.

Akwai haɗari ɗaya da nake so kowa ya sani. Famfon man da ya daɗe a tsaye yakan cije daga ciki, idan ya cije a buɗe, injin na tashi zai yi ta hawa ba ji ba gani, jan abin kashewa ba zai tsayar da shi ba. Don haka ranar tayarwa a cire tiyon iska, mutum ɗaya ya tsaya da guntun katako mai faɗi a hannu, da ya ji gudu ya wuce kima ya toshe bakin iskar da shi. Da katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba. A tabbatar kuma ba a sa kowace giya ba, direba yana kan kujera, ba kowa a gaban taya.

Ta tashi da hayaƙi, kada a tsorata. Ringin da ya manne sau da yawa yakan saki da kansa idan injin ya yi zafi ya ja kaya na wasu sa'o'i. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a yanke hukuncin garambawul a ranar farko. A sa mata tirela ko haro ta yi aiki na kwanaki, sannan a duba. Baƙin hayaƙi yawanci na nozul ne ko toshewar iska, gyaransa ba wuya. Shuɗin hayaƙi da bai daina ba yana nufin tana shan baƙin mai. Fari mai ɗorewa bayan inji ya yi zafi, musamman idan ruwan lagireto na raguwa ko yana kumfa, gasket ne ko tsagewa a kan inji. A dubi bututun numfashi na gefen inji ko yana feso hayaƙi da ƙarfi, a dubi agogon baƙin mai lokacin da injin ya yi zafi yana tsaye ko allurar ta faɗi ƙasa.

Raunin wannan hanya shi ne ba ta ba da tabbas. Tarakta za ta iya yi maka damina uku lafiya, za ta iya kuma tsayawa a tsakiyar huɗa. Ga mai 'yan kadada na kansa da zai yi jigilar taki da amfanin gona da ɗan haro, wannan kasada ce da za a iya ɗauka. Ga wanda zai karɓi kuɗin mutane ya yi alkawarin ranar zuwa gonarsu, ba ta isa ba.

Hanya ta biyu: garambawul

Ana sauke inji ne idan ya ƙi juyawa bayan jiƙo, ko an buɗe kai an ga tsatsa ta ci bangon silinda ta yi ramuka, ko ya tashi amma yana ƙara daga ƙasa, ko ƙarfin mai ya faɗi, ko yana shan baƙin mai yana wahalar tashi da safe. A nan ne injin Perkins yake nuna alherinsa, domin silindarsa hannun riga ce da ake zarewa a sa sabuwa, kuma ana sayar da kayan a haɗe: hannun riga, fistin, ringi, metal da gasket. Inji mai shekara hamsin yakan dawo kusan sabo.

Amma sai an yi aikin yadda ya kamata, a nan ne kuma ake cutar mutane. Karanshaf sai an auna shi, idan ya ci a kai shi a gyare shi zuwa awon da kanikawa ke kira 010 ko 020, a sayi metal daidai da wannan awo. Hannun rigar Perkins da matsi ake shigar da ita, ba da guduma da katako ba. Kan inji a duba ko ya lanƙwashe, a gyara mazaunin bawul, a ɗaure notinsa da sufana mai awo bisa tsari, a saita bawul. Famfon baƙin mai a sauya shi, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da yake karewa. Bakaniken da ya ce zai sa maka ringi kawai a tsohuwar hannun riga a gindin bishiya, ƙura na tashi, ba garambawul ya yi maka ba, kuma kafin kaka za ka koma wurinsa. Tun da an riga an raba taraktar biyu, a sauya kuloci da abin tare mai na bayan karanshaf a lokaci guda, domin duk ranar da ɗayansu ya lalace sai an sake raba ta.

Kayan gyara ma iri-iri ne a kasuwa, kwali ɗaya, inganci daban. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna ko wurin dillalan kayan tarakta, ka je da bakanikenka da tsohon abin a hannu, ka biya da kanka. Fistin da ringi da metal ba wurin neman arha ba ne.

Wasu sukan ce a bar wahala a sayi injin Perkins na hannu a ɗora. Yana yiwuwa, amma a kula. Tarakta ba ta da shasi irin na mota, injin ne da kansa yake riƙe da ƙafar gaba, shi ya sa kaskon mansa na zubin ƙarfe ne mai kauri. Injin da aka ciro daga janareta, ko da sunansu ɗaya, kaskonsa daban ne, famfon mansa kuma an saita shi ya yi gudu iri ɗaya kullum. Sai an kwashe abubuwa da yawa daga tsohon an mayar kansa, wani bulon ma ba shi da gurbin da za a ɗaure su. Idan bulonka lafiya yake, gyara naka ya fi, domin ka san abin da aka sa a ciki. Sauya inji na wanda bulonsa ya fashe ne.

Abin da mutane ke mantawa a lissafi

Inji ne ke ɗaukar hankali, amma sau da yawa ba shi ne ke cinye kuɗin ba. Tayoyin baya biyu da rana ta tsattsaga za su iya kai kuɗin kayan garambawul ko su wuce, kuma ba makawa sai an saya. Haidirolik ma haka. A ɗaura mata garma a ɗaga, a kashe inji a gani ko za ta riƙe ko za ta sulale ƙasa nan take. Taraktar da ba ta ɗaga garma jan tirela kawai za ta yi. Birkin 135 busasshe ne, idan mai ya yoyo daga ƙafar baya ya jiƙa shi, sai an zare ƙafar an sauya abin tare man da takalmin birkin. Kada a yi sakaci da gyaran birki, tarakta da tirela cike da buhuna a gangare ba wasa ba ce. Kulocin da ya manne da tsatsa wani lokaci yana saki idan an tuƙa ta a fili an taka shi ana taka birki, wani lokaci sai an raba. Ga sitiyari mai wasa, ga lagireto da ruwan rijiya ya toshe, ga batir da waya da sitata.

A rubuta duk wannan a takarda, a je kasuwa a tambayi farashin kowanne a yau, a ƙara kuɗin aiki, sannan a ƙara wani abu a kai saboda abin da sai an buɗe za a gani. Wannan jimillar ce za a ajiye kusa da farashin tarakta ta hannu mai aiki. A nawa ganin, idan gyara ya tasam ma kashi biyu cikin uku na kuɗin mai tafiya irinta, hanya ta uku ta fi.

Hanya ta uku: a rabu da ita

Akwai taraktar da gyaranta ɓata dukiya ne: bulo ya fashe kuma giya ta kakkarye, ko an daɗe ana zare mata kaya har famfon mai da sitata da haidirolik sun tafi, ko irinta ba a samun kayanta. Ko a nan kada a yi gaggawar kiran 'yan gwangwan. Su a kilo suke saye, Massey 135 kuwa ba ta fi tan ɗaya da rabi da ɗoriya ba. Ƙafar baya, akwatin giya, kan inji, ƙafar gaba, rim, kowanne yana da mai nema a wurin kanikawa, kuma a rarrabe sun fi kuɗi sosai. Garma da haro da tirela kuma a riƙe su, za su yi aiki da wadda za a saya.

Sayen ta hannu ma yana da nasa tarkon. Sabon fenti ba ya nuna komai. Wadda aka shigo da ita daga Turai a duba bulonta da kyau, domin can sanyi yana fasa shi. A nemi a tashe ta da sassafe injin yana sanyi, a sa mata garma ta shiga ƙasa. Duk binciken da aka lissafa a sama ita ma a yi mata.

Sai batun girma, wanda shi ma yana iya sa mutum ya bar gyara ko da taraktarsa na gyaruwa. Massey 135 garma mai faranti biyu take ja cikin natsuwa. Ba ta shan mai da yawa, tana juyawa a ƙaramar gona, tana jan tirela, tana juya injin casa da sandar bayanta. Ga gida ɗaya da gonakinsa ta wadatar. Amma mai niyyar sana'ar haya, wanda zai kwana yana haro daga wannan ƙauye zuwa wancan, ko zai shiga ƙasar laka ta shinkafa, 375 mai ƙarfin doki 75 yake buƙata. Ya gyara 135 ya sa ta wannan aiki, zai gajiyar da ita ya gajiyar da kansa. Irin wannan mutum gara ya tashe ta da ɗan gyara, ya sayar da ita tana tafiya, domin mai tafiya da kwantacciya ba kuɗinsu ɗaya ba, ya ɗora a kan kuɗin babba.

Duk hanyar da aka zaɓa, lokacin farawa kaka ne, an sayar da amfani akwai kuɗi a hannu, kanikawa kuma ba su da cunkoso. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗuwa zai tarar da bakanike da taraktoci biyar a gabansa, kayan gyara sun tashi, shi kuma gaggawa za ta sa ya yarda da aikin da bai nuna ba. Da bakanike a yi ciniki mataki-mataki: kuɗin bincike daban, na tayarwa daban, garambawul sai an zauna an ga abin da binciken ya nuna. Injin da aka yi wa garambawul kuma yana son a fara masa da matsakaicin kaya, ba a bar shi yana ta ƙugi a tsaye ba, a zubar da man farko bayan kamar awa hamsin, a sake ɗaure kan inji a saita bawul. Jigilar taki zuwa gona da rani ta dace da wannan sosai, kuma a nan ne duk wani yoyo ko ƙara zai bayyana tun akwai sauran lokacin gyara shi.